Jinjina ga Maigida, Sarkin Aiki

Allah ya ja zamaninka, Maigida, babban telan Ƙofar Atiku, mai yanka, mai ɗinki, mai guga, mai sayen zare, mai riƙe makullin janareta. Duk Sakkwato an shaida babu almakashin da ya kai naka iya fitar da wuyan riga. Abin da ba a cika yaba maka ba shi ne ka fi yaranka iya sa maɓalli, ka fi su iya shara, ka fi su iya ciniki, kuma da yake ka fi su, sai ka ɗauke musu wahalar duka. Ina ake samun irinka?

A dubi yadda kake tafiyar da goman ƙarshe na azumi. Shaddoji jibge a kan tebur, kowace na jiran almakashinka, domin kai kaɗai ke yanka. Sai zare ya ƙare. Wani maigidan mai sakaci yaro zai miƙa wa kuɗi ya ce maza kasuwa. Kai kuwa ka ajiye almakashi, ka hau babur cikin ranar Sakkwato da bakin azumi, don kada a cuce ka naira ɗari biyu. Kuma ba a cuce ka ba, ranka ya daɗe! Ka dawo da ɗari biyunka cif. Rigunan da za ka yanka cikin sa'o'i biyun nan, da kekuna huɗun da suka yi tsit suna jiranka, ai ba daga aljihunka suka fita ba, wa zai kira su asara? Kuɗin da bai shigo ba ba ya kuka.

Wani Bature ɗan Ingila, David Ricardo, ya ɓata tawada a 1817 yana neman ya ƙaryata ka. Ya ce a ɗauka Fotugal na buƙatar mutum 90 su saƙa tufafin da Ingila sai ta sa 100, da mutum 80 su yi ruwan inabin da Ingila sai ta sa 120. Fotugal ta fi a duka biyun. Duk da haka, in ji shi, gara ta tsaya kan inabi, inda ratar ta fi faɗi, ta bar wa Ingila saƙa, su yi musaya kowa ya ƙaru. Wato wai kai, da ka fi yaronka sau goma a yanka amma da ƙyar ka fi shi a guga, ka tsaya kan almakashi ka bar masa dutsen guga. Ji shirme! To idan ya ƙona shaddar Alhaji fa? Gara rigar ta kwana goma ba a yanka ba da a ce yaro ya taɓa ta.

Masu son ja da kai har tarihin garin nan suke kawowa. A 1812 Shehu Usmanu, wanda babu wanda ya kai shi kwarjini cikin jama'arsa, ya danƙa tafiyar da yamma ga ƙaninsa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi ya zauna Sifawa yana karantarwa yana rubutu. Nana Asma'u ma ba ta ce sai ta taka kowane ƙauye da ƙafarta ba. Mata malamai da ake kira jaji ta horar, suka kai karatun inda ba za ta je ba. Amma su daula kawai suka riƙe, Maigida. Kai shago gare ka, nauyin ba ɗaya ba ne.

Inda na fi jinjina maka shi ne tarbiyyar yara. Uwa ta kawo maka ɗanta ta ce ga amana, a koya masa sana'a. Shekara biyar yana gabanka. Ya ƙware a ɗebo ruwa, ya ƙware a kallon bayanka kana yanka, bai taɓa ɓata ko taku ɗaya na yadi ba, domin bai taɓa riƙe almakashi ba. Ranar da ya gaji ya karɓi babur ya shiga kabu-kabu, ka faɗi gaskiya da ka ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Yaronka na biyu ma ya bi shi. Sana'ar da ka gada tana nan a ajiye cikin hannunka, babu wanda ya sace ko ƙwayarta, kuma ranar da idonka ya daina ganin kafar allura za a rufe shagon da ita ciki, lafiya lau.

Jajiberin Sallah za ka kwana kan keke, ido ja, baya a ƙage, kana gaya wa kowa kai kaɗai ke aiki a shagon nan. Wallahi gaskiyarka. Mutumin da ya kawo yadin 'ya'yansa tun farkon azumi zai zo bayan isha'i, ka nuna masa shi a ninke yadda ya kawo shi, babu ko tabo, ka ce ya dawo da asuba kafin a tafi idi.