Mutanen Filin Lilo da Yadda Ake Gane Su

Filin lilo fili ne da aka kewaye, aka sa masa ƙofa da mai karɓar kuɗi, aka zuba na'urorin da ke juya mutum ko su ɗaga shi sama, sannan su dire shi daidai inda suka ɗauke shi. A Zariya kasuwarsa ta fi ci a kwana uku zuwa huɗu na Ƙaramar Sallah da Babba, lokacin da yaran Kongo da Gyallesu da Agoro da Tudun Jukun ke fitowa da sabon ɗinki, aljihu cike da kuɗin barka da Sallah. Wasu filayen a harabar otal ko filin makaranta ake kafa su ranar jajibere, a kwashe kafin a koma karatu. Kayan ciki ba su cika wuce lilo da dawakan roba masu zagaye da jirgin ƙasa mai tarago uku da gidan tsalle da ake hura wa iska ba.

Nishaɗin Sallah ya girmi waɗannan ƙarafa nesa ba kusa ba. Hawan Sallah da Hawan Daushe a Ƙofar Fadar Zazzau kyauta ake kallonsu, gardawa masu wasa da kura da biri kuwa sai an gama kallo mai niyya ya jefa abin da ya sawwaƙa. Sabon abin da filin lilo ya zo da shi shi ne tikiti: a biya tukuna, sannan a ji daɗi na minti uku. Wannan tsari ne ya raba jama'ar filin gida-gida, domin mai biya daban, mai hawa daban, mai juya na'urar kuma ba ya cikin ko ɗaya.

Masoyan harkar su ne suka fi kowa surutu, kuma a tsakaninsu akwai matakan girma, gwargwadon nisan inda mutum ya taɓa zuwa. Na ƙasa shi ne wanda ya je Kaduna, ya shiga lambun Gamji a bakin kogi, ya taka gadar ƙarfen nan ta zamanin Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Yana gaba da wanda bai taɓa wuce Kwangila ba, amma yakan yi shiru idan Na-je-Abuja ya iso. Shi wannan ya hau jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu, wanda ya fara jigila a 2016, ya shiga Magicland, wurin da a da ake kira Wonderland, kuma tun daga ranar babu lilon da ya ƙara burge shi. Yakan tsaya da hannu a aljihu yana kallon dawakan roba yana girgiza kai, ya ce wa na kusa da shi, ko bai san shi ba: "Malam, wannan ai wasan yara ne." Gaskiya ya faɗa, don yara aka kafa su. Duk da haka shi ne mutum na farko a layi kowace Sallah.

Sama da su duka akwai wanda bai je ko'ina ba, amma ya san ko'ina. Galibi ɗalibi ne a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake karatun shari'a da harkar mulki, kuma datar da ya saya don bincike a bidiyon jiragen wasa masu gudun tsiya ta ƙare. Shi zai gaya wa mai sayar da zoɓo cewa babban lilo mai siffar taya wani injiniya mai suna George Ferris ne ya ƙera shi don baje kolin Chicago na 1893, tsayinsa kimanin mita 80, da ɗakuna 36, kowanne na ɗaukar mutum 60. Zai ƙara da cewa Disneyland a watan Yulin 1955 aka buɗe ta a Kalifoniya, kuma tayar Dubai da aka ƙaddamar a 2021 ta kai mita 250. Duk bayanin nan daidai ne. Matsalar ita ce mai zoɓon canji take nema, kuma mai bayanin bai taɓa yarda ƙafarsa ta bar ƙasa ba. Idan aka matsa masa ya hau, sai ya ce bai gamsu da yanayin walda ba.

Dab da su akwai mai kayan tafiya, wanda daga Kongo zuwa filin da bai fi tafiyar minti goma a Keke ba yake shiri irin na mai zuwa aikin Hajji ta ƙasa. Jakarsa ta goyo tana da aljihu bakwai da ƙaramin kwaɗo mai lambobi, wanda shi kansa yakan manta lambobinsa a bakin ƙofa, layi ya tsaya. A ciki akwai fawa bank mai nauyin rabin bulo, da igiyar caji mai kai uku, da sandar ɗaukar hoto, da fanka 'yar mitsitsiya da ake ratayawa a wuya, da gorar ruwa mai nuna zafin abin da ke cikinta da lambobi, da matashin wuya da aka yi don masu kwana a jirgin sama. Kowane ɗaya yana da tarihin sayensa da farashinsa, kuma mai shi ba ya rowar labarin. Abin da ba ya faɗa shi ne fawa bank ɗin ya kwana ba wuta a unguwa, ɗigo ɗaya ya rage a jikinsa. Kafin la'asar 'yan mata uku sun ce masa "Yaya, don Allah ɗan sam mana caji," fankar wuya ta mutu, wayarsa ta bi ta, sai a gan shi a rumfar mai janareta yana roƙon soket. Ba ya hawa komai, saboda babu wanda zai amince ya bar wa jakar.

Kishiyarsa ita ce Inna mai kula. Ba ta san sunan na'ura ko ɗaya ba, amma ta zo da tabarma da buta da kula cike da shinkafa da naman Sallah, da zani na biyu saboda yaron da juyi zai tayar wa zuciya, da fanadol a ƙulle a bakin mayafi. Tana shiga take kama inuwar da ta fi kowace kyau, ta kafa sansani. Duk wanda ya ɓata a filin a wurinta ake samunsa yana cin abinci, har da mai fankar wuya.

Mai biya yawanci kawu ne ko baffa da ya yi kuskuren cewa "bari in kai yaran nan su ga gari" a gaban jama'a. Ya yi lissafin 'ya'yansa huɗu, ya fito ya tarar da goma sha ɗaya a jikin mota, har da na maƙwabta, kowa ya sha kwalliya, babu wanda za a iya cewa ya koma. Gwanintarsa a bakin ƙofa take bayyana. Yakan saɓa yarinya 'yar shekara bakwai a kafaɗa ya ce, "Haba ɗan'uwa, wannan ai goyo ce, ita ma sai an biya mata?" Yarinyar kuwa, da yake an koya mata gaskiya a Islamiyya, sai ta ce ajinta biyu a firamare. Bayan ya biya kuɗin shiga ne yake gano cewa kowace na'ura da nata tikitin, gugguru da askirim da alawar auduga kuma ba sa cikin lissafi. Sauran yinin a tsaye yake yinsa, rungume da takalma da huluna, yana ƙirga kawuna.

Jarumin ƙasa saurayi ne mai ɗinkin shadda da ya sha guga, wanda tun a layi yake sanar da cewa shi babur ma a tsaye yake tuƙa shi. Zagaye na farko yana ɗaga wa abokai hannu. A na biyu hannun ya koma kan ƙarfe. A na uku ana jin salati daga sama, da sunayen waliyyai, da "Malam, don girman Allah tsayar, akwai mara lafiya!" Idan ya sauko yakan ɗan tsaya ya gyara hula, ya ce yaron da ke kusa da shi ne ya ba shi tausayi. Yaron kuwa ya riga ya koma layi.

Akwai kuma masu zuwa don hoto kawai, waɗanda ɗaurin kallabinsu ya ci awa guda a gaban madubi, ba za su miƙa shi ga iska ba. Sukan jingina da dokin roba, a ɗauka, su wuce. Masu zance su ma suna nan, tare da ƙanwar da aka haɗo su da ita daga gida don ta sa ido. A duk filin babu wanda ya kai wannan 'yar rakiya cin riba: duk lokacin da ta buɗe baki za ta ce "Yaya, zan faɗa wa Umma," sai saurayin ya sake saya mata tikiti. Bayan katanga kuma akwai yaran da kuɗinsu ya ƙare a wurin mai rake tun da hantsi. Sun san jadawalin mai gadi fiye da manajansa, sun san lokacin da yake tafiya alwala.

Ma'aikatan filin su ne ba su da Sallah. Mafi yawansu na kwana huɗu ne: 'yan acaɓa da masu gyaran janareta da ɗaliban da ba su tafi gida hutu ba. Mai ƙofa shi ne alƙalin shekaru, yana duban yaro sau ɗaya ya yanke masa kuɗi, kuma ya ji kowace irin magiya har zuciyarsa ta yi kanta. Kowa ɗan'uwan mai wurin ne, kowa yanzu ya fita zai dawo, kowa ya tura kuɗi ta waya saƙon ne bai shigo ba. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 wannan uzuri na ƙarshe ya zama ruwan dare, shi ya sa ake ganin mai ƙofa da tikiti a hannu ɗaya, ɗaya hannun ya ɗaga na'urar POS sama yana neman sabis.

Mai juya lilo shi ke da mulki na haƙiƙa, domin babu agogo a jikin na'urar, minti uku abin da ya ce ne. Idan layi ya yi tsawo, minti uku yakan koma ɗaya da rabi. Idan ƙanwar budurwarsa ce a kai, sai a yi ta juyi har uwar wani yaro ta zo ta yi magana. Inda lilon na hannu ne, ƙarfinsa ne injin, kuma ana gane ƙarshen yini daga yadda zagayen ke raguwa. Abokin aikinsa mai janareta mutum ne mai baƙin hannu da guntun tsumma a aljihun baya, wanda ba a tunawa da shi sai an ji shiru. Idan injin ya shaƙe, gidan tsalle yakan fara lanƙwashewa a hankali da yara ashirin a ciki, iyaye mata su yi kansa da gudu, shi kuwa yana durƙushe yana hura fulogi yana cewa man da aka sayo ne ba shi da kyau. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, an samu masu janaretan da ke kashe injin da gangan tsakanin zagaye da zagaye, su ce yana hutawa.

Wanda ya fi cancantar a tausaya masa shi ne mai shiga rigar dodo. Kaya ne na soso da gashin roba, mai kan ɓera ko zaki, da aka ɗinka don ƙasashen sanyi. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Zariya ke haura digiri 35, shi kuma yana ciki yana rawa. Rabin yaran suna tsoronsa suna tsala ihu, sauran rabin suna jan wutsiyarsa don su tabbatar mutum ne. An hana shi magana don kada asiri ya tonu, amma idan aka taka masa ƙafa yakan yi Hausa mai kyau. Lokacin sallar la'asar ana iya ganin zaki a bayan rumfa, kansa a ajiye a gefe, yana shan ruwan leda.

Mai lasifika aikinsa cigiya. Daga azahar zuwa magariba yana sanar da yaro mai shadda ruwan toka wanda ya ce sunan babansa Baba, sunan unguwarsu Gida. Rabin yaran filin shadda ruwan toka suka sa.

A ƙarshe akwai mai lissafin kuɗin ƙofa, wanda a wannan sana'a ba a rasa labari a kansa. Mafi shahara shi ne na gidan zu na Audu Bako da ke Kano, inda a watan Yunin 2019, bayan bikin Ƙaramar Sallah, kuɗin shiga kusan naira miliyan 7 suka yi ɓatan dabo, labari ya bazu har ƙasashen waje cewa goggon biri ne ya haɗiye su. Gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu ma goggon biri a gidan. Tun daga nan masu filayen wasa suka samu abin zolayar yaransu da shi idan lissafin dare bai cika ba. Mai fili kansa ba ya dariya sosai, domin ya biya hayar wuri da fetur da masu gadi tun kafin yaro ɗaya ya shigo, kuma Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ta yadda Babbar Sallah ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, cikin damina. Hadari ɗaya da la'asar ya isa ya kore cinikin yini guda. Idan kwanakin suka cika, yakan sallami ma'aikata, ɗan acaɓa ya koma kan babur, ɗalibi ya koma aji, a naɗe gidan tsalle a kai shago, a riƙa ba da hayarsa ga makarantu masu bikin yaye ɗalibai a watan Yuli.