Makiyayin da Ya Ƙi Ƙarin Albashi

A arewacin Ostireliya akwai wani makeken wurin kiwo da ake kira Wave Hill, wanda a da yake hannun kamfanin Vestey na Ingila. A lokacin, masu kiwon shanun wurin Gurindji ne, wani reshe na 'yan asalin ƙasar, waɗanda kakanninsu suka shafe fiye da shekara 50,000 a nahiyar kafin jirgin Bature ya iso. Su ke hawa doki su kora garke, su suka san inda ruwa yake in rani ya tsananta. Ladansu fulawa, ganyen shayi, sukari da ɗan nama, sai 'yan kuɗin da ba su kama ƙafar na Bature mai aiki iri ɗaya ba. Kwanansu a ƙananan bukkoki na tsohon kwano.

Ranar 23 ga Agusta 1966, dattijonsu Vincent Lingiari ya ja mutum kusan 200, maza da mata da yara, suka tattara komatsansu suka fice. Aka ɗauka yunwa za ta dawo da su. Da aka ji shiru, aka bi su da tayin ƙarin albashi. Lingiari ya ƙi. Sai a lokacin ta bayyana cewa ba wanda ya taɓa zama ya tambaye su abin da ke damunsu. An dai zauna a ofis an yanke cewa kukan ciki suke yi, alhali su ƙasar kakanninsu suke nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 1967 suka koma Daguragu suka kafa bukkoki, suka aika wa Gwamna-Janar takardar koke, aka ƙi su. A shekarar ce aka yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 90 cikin 100 suka yarda a riƙa sa 'yan asali cikin lissafin jama'ar ƙasa. Wato kafin nan tsarin mulki ya cire su daga ƙidayar. Ɗan asali bai taka majalisar tarayya ba sai 1971, da Neville Bonner ya zama sanata.

Shekara tara Gurindji suna zaman jira. Ranar 16 ga Agusta 1975 Firayim Minista Gough Whitlam ya taso da kansa har Daguragu, ya miƙa musu takardar wani yanki na ƙasar, sannan ya ɗebi jar ƙasa ya zuba a tafin hannun Lingiari. Hoton yana nan: dogon Bature ya miƙo hannu, tsoho da hular kiwo ya tara nasa, ƙasar tana zuba siririya a tsakaninsu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tafiyar. Babba ne ya je inda suke, bai aika a kira su ba. Duk da haka rigimar ba ta mutu ba, don a Oktoban 2023 da aka nemi kafa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara, kusan kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ce a'a.

Duk sanda na ba da labarin nan, hankalina yakan koma kan manyan gidajen da ke tsakiyar gonaki tsakanin Musawa da Matazu da Malumfashi, rumbuna a jere, dawa da gero da masara kewaye. Maguzawa ke nan, Hausawa na asali, harshenmu ɗaya, gayyarmu ɗaya. Kakanninsu sun biya jiziya a zamanin Daular Usmaniyya, sun biya haraji a zamanin Turawa. Da yawansu yau Musulmi ne ko Kirista, amma wani bakin har gobe “arne” yake cewa. Wajen 1970, masanin tarihi Murray Last ya taso ya tare a irin wannan gida kusa da Malumfashi, ya yi zaman sauraro na tsawon lokaci. Baƙo daga uwa duniya ya iya.

To, akwai masu riƙe biro ranar rubuta sunayen kwamitin rabon taki, ko na 'yan sintiri, ko na fidda ɗan takarar kansila. Sun san hanyar gidajen nan sarai ranar neman ƙuri'a da ranar karo-karon kuɗin tsaro, kuma ɓarayin daji ba su taɓa tsallake shanun kowa don addininsa ba. Amma in an shimfiɗa tabarmar shawara, sai ka ji wani ya ce, “Ai mun san matsalarsu, za mu isar.” Mutanen Vestey ma haka suka ɗauka sun sani. Damina na tafe, za a sake buɗe littafin sunaye, kuma daga ƙofar gidan dagaci zuwa waɗannan gidaje babur yana zuwa.