Yadda Ciwon Wuya Ya Ɗora Mini Lefe

Wuyana ya sanƙare ta yadda in zan yi sallama a salla sai na juya har da kafaɗu da ƙugu, na gefena a sahu ya riƙa matsawa. Hajiyarmu tana ji ta ce sanƙarau ne. Da aka tabbatar mata babu zazzaɓi, sai ta koma zargin iska. Wanzamin unguwa ya ce ƙaho biyu sun isa. Ni dai na nufi asibiti, ɓangaren masu gashi.

Tun kafin ma'aikaciyar ta taɓa ni ta tambayi awa nawa nake yi a kan waya. Na faɗi rabin gaskiya. Ta ce, "Malam, ƙasusuwa bakwai ne a wuyanka, daidai da na raƙumin dawa, sai dai shi ba ya hawa Facebook." Kan babban mutum, in ji ta, yakan kai kilo 5, amma wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya lissafa a 2014 cewa in an sunkuya sosai, nauyin da wuya ke ji yana kaiwa kilo 27. Wato rabin buhun siminti da ɗoriya nake dako kullum, ba ko ladan sisi.

Na zaci allura za a yi. Sai ta ce in miƙe zaune, in ja haɓata baya, in ɗan gyaɗa kai a hankali kamar mai cewa "to", in riƙe daƙiƙa 10, sau 10. Wai akwai ƙananan tsokoki can ciki ta gaban wuya masu riƙe kai daram. In sun yi lalaci, na ƙeya da kafaɗa ke ɗaukar aikinsu har su yi tsami.

Na raina abin. Maganin da ba a haɗiya, ba a shafawa? Na shiga kasuwa na sayo na'urar tausa mai jijjiga, ƙirar ƙaramar bindiga. Ma'aikaciyar ta riga ta gargaɗe ni: jijjiga tana sassauta tsoka na ɗan lokaci, amma a tsaya kan naman kafaɗa, ban da ƙashi, ban da gaba da gefen wuya inda jijiyoyin jini ke wucewa zuwa ƙwaƙwalwa. Uwargida ta karɓi aikin da wani irin zumuɗi da har yau nake tuhuma.

"Baban Ummi, nan ne?" Ta danna maɓalli na ƙarshe.

Daidai nan surukina ya kira. Na ce, "Ba-ba-baba, ba-barka da ya-yamma." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?" Kafin magariba surukata ta sauka daga A Daidaita Sahu da carbi a hannu.

Daɗin na'urar ba ya kwana. Gari na wayewa ciwo ya dawo. Dole na koma wa gyaɗa kai, kuma a hankali wuya ya fara saki. Na kama yi ko'ina: a ofis, a layin mai, har a zauren Kawu ranar taron auren ƙanena.

Ina cikin ƙirge, na kai na bakwai, ashe Kawu ya tambayi wanda zai ɗauki nauyin akwatuna da atamfofin lefe. Kowa ya sa ido a tabarma. Ni kaɗai na miƙe zaune, na dube shi, na gyaɗa kai cikin natsuwa, na kuma riƙe daƙiƙa 10 cif.

"Madalla da ɗan albarka! A shafa Fatiha."

Na yunƙura in girgiza kai, sai jijiyar hagu ta harba, hawaye ya zubo. Kawu ya ce a dubi son zumunci.

Na sayar da na'urar na cika kuɗin akwatin farko. Jiya kuma Kawu ya aiko: ranar Asabar akwai zama kan kayan ɗakin 'yarsa, ya ce a shimfiɗa mini darduma kusa da shi.