Kuɗin Cizo, Fanka da Man Shanun Surukata

Sauro, duk da mugun halinsa, yana da ladabi guda: ba ya cizo sai ya yi sallama a kunne, kuma gari na wayewa kowa ya kama gabansa. Kuɗin cizo ba ya sallama, ba ya kuma yarda a rabu. In ya sha jininka a masauki sai ya duba inda ka ajiye jaka, ya shige ɗinkin zif, ya biyo ka har gida ko sisin kuɗin mota bai biya ba. Ba ya tashi, ba ya tsalle, tsawonsa wajen milimita 5 ne kawai, amma ya fi kowane ɗan kasuwar Kwari yawon duniya. Tamace ɗaya ta isa ta cika gida, don a rayuwarta takan yi ƙwai ɗaruruwa, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe cikin kwana 10 ko ƙasa da haka. In babu jini ba sa gaggawa. Sai su lafe a tsagar katako wata da watanni suna jiran baƙo.

Mu da muka yi makarantar kwana, muka sha fito da gadaje rana ana kwara musu tafasasshen ruwa, mun ɗauka jarrabawar talaka ce. Sai ga 2023, birnin Faris ya rikice, ana ta yaɗa hotunan ƙwaron a jiragen ƙasa da gidajen silima. Hukumar lafiya ta Faransa ta ce tsakanin 2017 da 2022 fiye da gida ɗaya cikin kowane goma ya yi wannan baƙo. A 2024 kuwa, da 'yan wasan Koriya ta Kudu za su koma gida daga gasar Olamfik, har kare aka girke a filin jirgin Incheon yana sunsunar akwatuna.

Gwamnatoci ke nan. Ni hukumar da nake tsoro a cikin gidana take. Ni Bakano ne, aiki ya kawo ni Sakkwato, na auri Bagobirar Sabon Birni. Da auren ƙaninta ya tashi tana cikin jego, ni aka ɗora wa wakilcin gida: a kwana Sabon Birni, washegari a ɗaura aure a Isa. Ina ɗaure jaka ta ce, "Malam, ka tahi lahiya, ka gaishe da su Inna. Amma ka jiya, masaukan ga na hanya ba su rasa ƙazunzumi. Kada ka kwaso mani shi ga wanga jinjiri." Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar min da hankali ke nan.

Muka bi ta Achida da Goronyo, muka ratsa fadamar Rima da warin albasa da tafarnuwa, muka shiga Sabon Birni kafin la'asar, don shekarun nan ba mai bin wannan hanya da duhu, dalilin kuwa kowa ya sani. Gidan surukai ya cika da 'yan biki, ga kuma kunya: suruki ba ya miƙe ƙafa ya yi minshari inda uwar matarsa za ta ji. Aka kai ni wani ƙaramin masauki.

Kafin in ajiye jaka na kunna fitilar waya na hau bincike. Ba tsakiyar katifa ake dubawa ba, bakin ɗinkinta ake ɗagawa, da bayan allon kan gado, da inda katako ya haɗu da katako. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo ake nema, wato kashinsu, jinin waɗanda suka riga ka kwana, da saɓar da suke tuɓewa, don sau biyar suke saɓa kafin su girma, kuma kowace saɓa sai da jini. Yaron da ke kula da ɗakuna ya tsaya bakin ƙofa yana kallona.

"Yallaɓai, mi yaɓ ɓace?"

Na gaya masa. Ya ce, "Haba, nan babu komi. Shekaranjiya munka zuba fiya-fiya."

Bai yi ƙarya ba, idona har hawaye yake yi. Fiya-fiya da Sniper gubarsu ɗaya ce, wadda hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabenta barkatai a 2019, kuma a ɗakin da ba iska ta fi saurin kwantar da mai ɗaki fiye da ƙwan da ke can cikin tsaga. Wannan ƙwaro ya ga jiya ya ga yau. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganin DDT ya kusa share shi daga Turai da Amurka, daga ƙarshen shekarun 1990 ya dawo da fata mai kauri, yawancin magungunan feshi ba sa yi masa komai. Na ɗaga kusurwar katifa na nuna wa yaron ɗigon. Ya leƙa, ya ce, "Wanga tsohon zane na." Na nemi wani ɗaki. Duk 'yan biki sun kama.

Jikina ban damu da shi ba sosai, tunda masana sun ce cizon ba ya sa wata cuta, ƙaiƙayi ne da rashin barci. Jakar ce abin tsarewa, musamman farar shaddata ta ɗaurin aure, wadda har lokacin ban gama biyan tela ba.

Shawarar farko da Turawa ke bayarwa ita ce a sa jaka cikin bahon wanka, wai santsinsa ya fi ƙarfin ƙafar ƙwaron. Na leƙa banɗaki: bokiti ɗaya, buta ɗaya, jiƙaƙƙen siminti, da kyankyaso yana kallona. Ko da ma akwai bahon, wanda muke da shi a ƙasashen zafi, Cimex hemipterus, ya fi ɗan'uwansa na Turai iya hawan santsi. Shawara ta biyu: a janye tebur daga bango, a tsoma kowace ƙafarsa cikin gwangwani mai ruwa. Na ba yaron kuɗi ya karɓo min gwangwanin madara huɗu wurin mai shayi. Ya kawo su cif, kowanne da 'yan huji biyu a ka, yadda mai shayi ke huda su. Ƙafar tebur ba ta shiga hujin ƙusa. Wuƙa kuwa babu.

Na tuɓe kayan tafiya na ƙulle su a leda, don a 2017 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun nuna cewa ƙwaron ya fi bin jakar da ke da kayan da aka sa, warin jikin mutum ke kiransa. Hulata kuwa na rataye ta a wata ƙusa a bango, sama da kan gado, tunda hula ba jaka ba ce. Daga nan na ɗaga kai na ga fanka.

Fanka ce tsohuwa, ta yi ƙura, can tsakiyar rufi, ba ta taɓa bango ba ta taɓa gado. Na tambayi yaron batun wuta, ya ce ya manta rabonsu da ita. Igiya kaɗai ta rage. Na zare mazagin wandon da zan kwana da shi, na hau kujera, na ɗaure shi a sandar fankar, na rataye jakar Gana-mas-go tana reto a tsakani. Na sauko na tsaya ina kallon aikina, na ce Faris ma ba su kai nan ba. Na ja kujerar roba tsakiyar ɗaki, na ɗora ƙafa kan bokiti, barci ya ɗauke ni.

Ashe can cikin dare wani Alhaji daga cikin manyan baƙi ya ji zafi ya ishe shi, ya ba da kuɗin mai. Aka tayar da janareta. Wanda ya kwana ɗakin kafin ni kuwa ya bar fankar a lamba 5.

Gurnani na fara ji. Na buɗe ido, ƙwan lantarki ya haske ɗaki, fikafikan fanka sun kama mazagi suna naɗewa, jaka na hawa sama tana zagaya ɗaki. Na yi wuf na nufi makunni, babu marfin murɗawa, ƙarfe ne kawai tsirara. A zagaye na gaba zif ya ce ga garinku nan. Singileti ya yi gabas, takalmi ya bugi taga, babbar riga ta buɗe a sama da dukan faɗinta ta sauka shimfiɗe a kan katifar nan, daidai kusurwar da na nuna wa yaro. Sauran kayan suka bi ta. Na ɗaga hannu biyu in cafe jakar, wando ya tuna ba shi da mazagi. Na kurma ihu.

Ihun dare a Sabon Birni ba abin wasa ba ne. Nan take aka kashe janareta, na ji ana jan gadaje ana tokare ƙofofi, wani a maƙwabta yana ta salati. Maigadi ya banko ƙofa da gora da tocila, dattijo mai zanen Gobirawa a kunci. Ya haska rufi, ya haska gado, ya haska ni riƙe da wando.

"Su nawa na?"

Na ce, "Baba, ba kowa. Kuɗin cizo nake gudu."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya jingine gorar ya ce, "Ɗana, garin ga kakanninmu sunka gina shi bayan Alƙalawa ta faɗi, da yaƙi sunka riƙe shi. Yau ma da ido guda muka kwana saboda mutanen daji. Kai kuma ƙazunzumi ka hana ka kwana?" Ban sami amsa ba, don tun 1808 da Alƙalawa ta faɗi jikokin Bawa Jan Gwarzo ba su taɓa samun sararin jin tsoron ƙwaro ba. Ya taya ni tsince kaya, yana kakkaɓewa yana dariya ƙasa-ƙasa, sannan ya ce, "Rana ka kashe shi. Sa su baƙar leda, ɗaure baki, bar su cikin mota ga rana. Allah ya ba mu ta banza."

Maganar Baba ita ce maganar masana. In zafi ya kai digiri 50 ya ratsa har tsakiyar ƙunshin kaya, ƙwaron da ƙwansa ba mai tsira. A watan Afrilu kuwa ƙasar Sakkwato ko a inuwa takan wuce 40, balle cikin but ɗin motar da aka kulle a rana.

Da safe na je gaida surukata. Na durƙusa daga nesa, ta sa albarka, ta turo min tsarabar mai jego: kanwa ta kunu, kuka, tafarnuwa, daddawa, da soyayyen man shanu cike da roba mai murfin dannawa. "Sa su cikin jikka, kada su ɓace ga hanya." Ba a yi wa suruka bayanin Jami'ar Sheffield. Na ce to, Inna. Na sa, na zura jakar cikin baƙar leda, na ɗaure, na jefa but.

Muka isa Isa da hantsi, ayarin motoci a jere ba mai yarda a bar shi baya. Direba ya nufi gindin dalbejiya, na ce a'a, tsakiyar fili. Ya dube ni ta madubi, ya ajiye. Aka ce sai bayan azahar za a ɗaura, na ce madalla, rana ta yi aikinta.

Ta kuwa yi. Da na kwance ledar a zauren wani ɗan'uwan amarya, tururin da ya fito sai da ya kori akuya daga bakin ƙofa. Murfin robar ya yi tsalle tun tuni. Man shanu ya bi shadda daga wuya har ƙasa, daddawa ta turara ta, kuka ta fashe ta yi mata ado a ƙirji inda aikin zare yake. Kayan tafiyar da ke jikina sun yi jiƙe da gumi, kuma wakilin gida ba ya zuwa ɗaurin aure da su. Na sa babbar rigar, na naɗe hannuwanta bisa kafaɗa yadda zai rufe abin da zai rufu, na kafa hula.

Isa gari ne na manya, ƙaramar hukumar da tsohon gwamna Attahiru Bafarawa ya fito, kuma ranar kowa ya ci ado yana ƙamshin turare. Na sami wuri a sahu na biyu. Ba a jima ba na ga sahun yana faɗaɗa, na dama ya matsa, na hagu ya matsa, ƙudaje suka cike gurbinsu. Ana cikin ambaton sadaki wani tsoho a gabana ya ɗaga hanci ya ce da ƙarfi, "Wa yaz zo da tuwo masallaci?" Da aka shafa fatiha maroƙi ya zagayo kaina, ya ja numfashi zai fara kirari, ya tsaya, ya sake shaƙa, ya ce, "Surukin Gobirawa, mai tahiya da miyatai!" Na ba shi kuɗi ya yi shiru, ya ɗauka na ji daɗi ne, ya ƙara.

Na dawo Sakkwato na tarar Gwaggo, wadda ke yi wa uwargida wankan jego, ta riga ta ɗora tukunya. A zaure aka tare ni, aka miƙo min zane. Kayan da digiri 60 ya ishe su aka tsoma su cikin ruwan da ke tafarfasa. Uwargida ta zauna daga ciki tana bin ɗinkin jaka da tsinke, ta zaro ƙwari biyu, sun bushe ƙayau. Na gyara zane na ce, "Kin gani? Sun shiga, amma ba su fito ba. Dabara ce, ba ƙarfi ba."

Gwaggo ba ta tanka ba. Ta miƙo hannu ta cire hular da ke kaina, ta juya ta, ta buɗe naɗin ciki da babban yatsa. Ga su nan a jere, jajaye, ƙosassu, har da 'yan ƙanana. Hular hannu ce, wata guda aka yi ana ɗinkinta. Ta jefa ta cikin tukunya ta danna da muciya, ta ƙwala wa almajirin gida kira.

"Tahi kira mani wanzami."

Na ce, "Gwaggo, ai ba ƙwarƙwata ba ne, ba ya zama cikin gashi. Masana sun tabbatar."

Ta ce, "Masanan ga, su na sunka ce ka rataya jikka ga hwanka? Zamna nan. Yaro, ce mashi shi taho da sabuwar aska."