Matashin Bindiga da Ya Koma Murhu

Kawuna tsohon maharbi ne, irin waɗanda suka san dazuzzukan Borno tun ba a fara jin tsoron shiga cikinsu ba. Yanzu gwiwa ta gaji, abin da ya rage masa shi ne wata tsohuwar bindigar iska da takardar izininta, wadda yake ninkewa cikin leda kamar laya. Duk ranar Asabar mukan je gonarsa a bayan gari, mu jera gwangwanayen madara a kan kututture, mu auna taku ashirin. Shi ya harba, gwangwani ya yi tsalle. Ni in harba, gwangwani ya tsaya yana kallona.

Wata uku ina wannan abin kunya. Har tarihi Kawu ya karanta mini, wai tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma ya kawo Turkawa masu bindiga ƙasar nan, ga shi yau an haifi wanda ba ya iya samun gwangwani. Ni kuwa na riga na yanke hukunci: laifin ba nawa ba ne, rashin kayan aiki ne.

YouTube ce ta ƙara zuga ni. Na ga wasu dattawan Amurka zaune a kan benci, kowa ya ɗora gaban bindigarsa a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, da jakar fata cike da yashi a samansa, suna harbi daga yadi 100, harsashi biyar na bi ta kusan rami ɗaya. Na kwana ina nazari. Na gane sharuɗɗan nagari guda huɗu ne: ya yi nauyi don kada ya motsa, ƙafafunsa su zauna daram, ya kasance da abin murɗawa na ɗagawa da saukewa, jakar kuma kada ta yi tauri kamar dutse. Da na ga farashin a dala, na lissafa da albashina na malamin firamare, sai na kashe wayar na yi salati.

Washegari na nufi wajen wani mai walda a hanyar Baga. Ya karɓi wayar, ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce, "Malam, wannan ai wasan yara ne. Bature ma a wajenmu ya gani." Bayan kwana huɗu na koma. Ya samo faifan birkin tsohuwar mota ya yi gindi, ya liƙa jak ɗin mota a tsakiya, ya yi ƙafafu uku da rodi mai kauri. Nauyi kam na samu, domin sai da mu biyu muka ɗaga shi. Sannan don ya kyautata mini, ya shafe shi da ragowar fentin da yake da shi, kore shar irin na kakin soja. Jakar kuwa, tumtum ɗin fata na uwargida na sace, tela ya rage shi, na cika shi dam da yashin kogin Ngadda.

Tun 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri, don haka Keke Napep na tara. Na lulluɓe kayana da zanen atamfa, ƙafafun nan uku sun leƙo waje. Ko a raina ban kawo komai ba, sai hango gwangwanaye nake yi suna zubewa.

A shingen bincike na bakin gari aka tsayar da mu. Wani matashi ya ɗaga zanen da bakin gorarsa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, mene ne wannan?"

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Da na ce abin ɗaure akuya ne, da tuni na wuce. Amma malanta ta motsa, na gyara murya na ce, "Abin ɗora bindiga ne, don saiti ya zauna."

Wurin ya yi tsit. Mai sayar da rake ya tura baronsa ya yi gaba. Direban keken ya diro yana rantsuwa: "Wallahi ban san shi ba, a Kwastam na ɗauke shi, ko kuɗina bai ba ni ba!" A garin da ya sha abin da ya sha tun 2009, mutum ya zo da koren ƙarfe mai ƙafa uku da wata jaka mai nauyi a ɗinke, ya ce na saiti ne. Ni kaina da ni ke tsaron shingen, da na kama ni.

Aka ja kowa baya. Aka ce in buɗe jakar da hannuna. Na farke ɗinkin ina karkarwa, yashi ya zubo, har da wani ɗan ƙwaro da ya fito yana gudu. Na ciro waya in nuna musu bidiyon dattawan Amurka, data ta ƙare. Aka zaunar da ni a gindin dogon yaro daga hantsi har azahar. Ban ga laifinsu ba, har ruwan leda suka saya mini. Sai da Kawu ya iso tare da Bulaman unguwarmu, ya warware ledarsa ya nuna takarda, Bulama ya shaida cewa ni malamin makaranta ne, kuma iyakar ɓarnar da aka san ni da ita ita ce dogon bayani. Babban masu tsaron shingen ya zagaya ƙarfen sau biyu, ya murɗa jak ɗin, ya ce, "Malam, in ka gama da shi ka ba ni aro, tayata na yawan yin faci."

Duk da haka ban haƙura ba. Muka ƙarasa gona, na sake ɗura yashi na danna shi da dutse, na girka kayana a kan tebur. Nan na gano ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta da kusan yatsa biyu, abin ya karkace kamar hular ɗan gaye. Jak ɗin kuma ba ya jin lallashi: murɗa ɗaya, bakin bindiga na kallon gajimare, sassautawa ɗaya, yana kallon gidan tururuwa. Na dai daidaita, na rufe ido ɗaya, na ja. Bindigar ta yi tsalle a kan jakar da ta koma dutse. Gwangwani ko gezau. Butar alwalar Kawu, da ke can gefe tana zaman lafiyarta, ta fara fitsari.

Kawu bai ce uffan ba. Ya ɗauki adda, ya saro reshe mai gwafa, ya soka a ƙasa, ya naɗa rawaninsa a tsakiyar gwafar, ya ɗora bindiga. Ya ja numfashi, ya saki rabi, ya tsaya. Gwangwani uku, harbi uku. Sannan ya juyo ya ce, "Ɗana, kai fizgar kunamar kake yi kamar mai tsinke igiya. Ko a kan Dutsen Zuma ka ɗora ta, sai ka kuskure." Daga baya na karanta cewa masu gasar Olamfik a tsaye suke harba bindigar iska daga mita 10, ba matashi ba gwafa, ɗigon tsakiyar kuma rabin milimita ne. Ban gaya wa Kawu ba.

Na biya buta, na biya tumtum, na wanke zane. Ƙarfen kuma ya yi sati biyu a tsakar gida, har ranar da uwargida ta sa guntun bulo ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ta kewaye gindin da gawayi, ta ɗora tukunyar burabusko a kan jak ɗin. In wuta ta yi yawa ta murɗa tukunya ta hau, in ta ja baya ta sauke. Yanzu matan unguwar Gwange layi suke yi su ga murhu mai giya, mai waldan ma ya samu odar guda shida. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce ita ta zana.