Zuwa ga Bazazzagi Mai Raina Ƙwallon Ɗaki

Malam Bazazzagi, bawan Kanawa, ina gaisuwa. Iyakarta ke nan. Ba zan tambayi gida da iyali da gajiya ba, don na san in na buɗe maka wannan ƙofar, shafin nan zai ƙare muna "madalla, madalla" ba mu taɓo abin da ya tara mu ba.

Labari ya iso mini cewa da aka ɗauko zancen gasar futsal ta ƙasashen Afirka a majalisarku, ƙwallon nan da ake bugawa mutum biyar-biyar a rufaffen ɗakin wasa, sai ka turo hula gaban goshi, ka taɓe baki, ka ce wasan yara ne. Wai ƙwallon da ta ji tsoron rana ta gudu ɗaki ba ta maza ba ce. Wai ku a Zariya tun kuna 'yan firamare kuka gama da irinta a zauren gidan kakanku. To, Allah ya ba da lada. Tun da kun gama da ita, kofin yana wane gida? A Tudun Wada kuka ajiye shi ko a Samaru?

Ku mutanen jami'a ba kwa yarda da magana sai an haɗo da lissafi, to ga lissafi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta fara wannan gasa a Alƙahira a 1996. Daga nan zuwa 2024 an buga ta sau bakwai, kuma babu ƙasa ko ɗaya daga wannan gefen na Sahara da ta taɓa ɗaga kofin. Masar ta lashe ukun farko, 1996 da 2000 da 2004. A 2008 Libiya ta gayyaci baƙi Tarabulus ta sallame su hannu rabbana, ta doke Masar 4 da 3 a wasan ƙarshe bayan ƙarin lokaci. Aka sa ranar ta gaba a Burkina Faso a 2011, ba a yi ba. Da aka dawo a 2016 a Johannesburg, sai Maroko ta hau kujerar ta miƙe ƙafa. Ta ci Masar 3 da 2 a wannan shekarar, ta ƙara mata 5 da nema a 2020, sannan a Afrilun 2024, a Rabat, ta raka Angola gida da 5 da 1. A kan hanyar zuwa wasan ƙarshen ta zuba wa Zambiya 13 babu ko ɗaya. Wasan yaran ke nan, Malam. Allah ya raba mu da haɗuwa da yaran.

Ba a ce na kudu ba su ƙwanƙwasa ƙofa ba. Gana ta zo ta biyu a gasar farko, Mozambik ta zo ta biyu a 2004. Angola kuwa a 2024 ta yi abin da ya fi matsayi na biyun da ta samu daɗi: ita ta fitar da Masar a wasan kusa da na ƙarshe, Libiya ta ƙarasa ta da bugun fanareti a wasan neman na uku. Da yake ƙasashe uku na sama ne ke tafiya gasar duniya, sai Masar ta kalli ta Uzbekistan a talabijin, abin da bai taɓa samunta ba tun 1996.

Na san amsar da ka tanada, don na san halin kayana. Za ka gyara murya ka ce ai don Najeriya ba ta shiga ba ne, da ta shiga da an ga aiki. Ta shiga, Malam. A 1992 Najeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka a gasar futsal ta duniya a Hong Kong. Wasa uku ta buga, da Ajantina da Folan da masu masauki, uku aka ci ta. Hong Kong ɗin nan da ba ka taɓa jin sunanta a zancen ƙwallo ba, 4 da 1 ta yi mana. A 2008 muka je Tarabulus, muka juyo daga rukuni. A 2016 da 2020 da 2024 kuwa, in ka duba ƙasashe takwas da suka hallara kowane karo, za ka ga Muritaniya, za ka ga Namibiya, za ka ga Gini, ba za ka ga giwar Afirka ba. Wataƙila ƙofar ɗakin ce ta yi wa giwar kaɗan.

Amma ni na gano dalilin ƙiyayyarka da wasan nan, kuma ba kishin ƙwallon maza ba ne. Duk dokokinsa sai da aka duba halinka aka rubuta kishiyarsa.

Ɗauki dokar daƙiƙa huɗu. In ƙwallo ta fita gefe, ba a jifa da hannu. Za ka ajiye ta a kan layi ka buga da ƙafa, alƙalin wasa na tsaye kusa da kai ya ɗaga hannu yana ƙirga maka da yatsu a idon jama'a: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Yatsa na huɗu ya miƙe ba ka buga ba, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Haka kwana, haka bugun tazara, haka gola in ya riƙe ta a ɓangarensu. Yanzu don Allah, wace magana ce Bazazzagi ya taɓa gamawa a daƙiƙa huɗu? Kafin ka naɗe hannun riga ka ce "wato a haƙiƙanin gaskiya," an ci ku biyu.

Sai agogo. Minti ashirin-ashirin ake yi, amma duk sanda ƙwallo ta fita ko aka busa, agogo ya tsaya. Wannan dabarar da kake yabon 'yan wasanku da ita in suna gaba da ci ɗaya, a kwanta a riƙe ƙafa ana birgima har lokaci ya ƙare, a nan ba ta sayen ko daƙiƙa. Ka kwanta har la'asar, agogo na jiranka. Babu satar gida kuma, don haka rabin musun da kake rayuwa da shi a gidan kallo ya mutu. Keta ma ƙirga ta ake yi: ƙungiya ta yi biyar a rabin lokaci, daga ta shida duk wadda ta ƙara bugu ne kai tsaye daga mita goma, ba katangar mutane, daga mai bugu sai gola. In aka ba ɗan wasa jan kati, ƙungiyarsa za ta yi minti biyu da mutum huɗu, sai dai in an ci ta kafin nan.

Filin kansa mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, raga kuma mita uku a faɗi, biyu a tsayi. A babban fili mai mutum goma sha ɗaya, malalaci na iya laɓewa a gefe ya ɗora hannu a ƙugu, a tashi wasa rigarsa ba ta jiƙe ba, ya fito yana ba da labari. Na san wani. A nan mutum huɗu ne a tsakiya, kowa mai tsaron baya ne, kowa ɗan gaba ne. Ka tsaya shan iska, ramin da ka bari kowa a ɗakin ya gan shi, har da mai sayar da ruwa. Shi ya sa canji ba shi da iyaka: mutum ya yi 'yan mintoci ya fito yana haki, wani ya faɗa, ba a ma tsayar da wasa. Wannan dokar ce kaɗai za ta yi maka daɗi, don tana nufin akwai benci.

Ƙwallon ma ba irin wadda ka sani ba ce. Ta fi ƙanƙanta, kuma ba ta cika tsalle ba. Ka sako ta daga sama, sai ta faɗo ta lafe kamar dunƙulen fura. Don haka da tafin ƙafa ake tarbarta. Ka kalli ɗan gaban Maroko irin Soufiane El Mesrar in an miƙo masa: ya ba raga baya, mai tsaro na manne da shi yana turi, shi kuwa ya taka ƙwallon da tafin ƙafa, yana murza ta hagu da dama, idonsa na kan wanda zai sheƙo daga baya. Ko ya ajiye masa ita a gaban ƙafa, ko kuma, in mai tsaron ya karkata ko da taku ɗaya, ya juya ta ɗaya gefen ya tsire ta da kan yatsa. Duk abin bai kai tsawon atishawarka ba.

Sai kuma abin da ya fi ba ni nishaɗi, lokacin da ƙungiya ke baya kuma mintoci sun ƙure. Koci zai cire gola, ya sa wa ɗan wasan tsakiya rigar gola, su biyar su haye ɓangaren abokan karawa suna zagaya ƙwallo, ragarsu a buɗe babu kowa. Ko su farke, ko ƙwallo ta kuɓuce, golan can ya ɗauka ya aiko ta tun daga gidansa ta gangara cikin raga kowa na kallo. Kasada ce irin ta ɗan kasuwa, a zuba jari duka a kan kaya ɗaya. Mu Kanawa mun gane ta. Kai da sai ka kafa kwamiti.

In gaskiya ake bi, akwai rabin gaskiya a maganarka, kuma rabin ne ya kayar da kai. Wani malami, Juan Carlos Ceriani, shi ya tsara wasan a Montevideo ta Yurugwai a 1930, don matasa su samu abin bugawa a filin ƙwallon kwando. Daga nan ya bazu Brazil. Ronaldinho da Neymar da Messi, waɗanda kake kiran sunayensu har muryarka ta dushe, duk sun buga shi suna yara. To wasan yara ne, amma ka ga abin da yaran suka zama. Ku da kuka gama da shi a zaure, me kuka zama ban da masu sharhi?

Yanzu ka matso, ga inda maganar take da nauyi. Maroko ba da asiri ta samu wannan ba. A 2010 ta ba Hicham Dguig ƙungiyar. Ya kai su gasar duniya ta 2012 a Tailan, aka ci su wasa uku duka. Ya sake kai su ta 2016 a Kolombiya, aka sake cin su uku duka. Wasa shida, babu ko canjaras, kuma ba a kore shi ba. Mutumin nan dai shi ne ya ɗauko kofin Afirka sau uku a jere, ya kai su zagayen 'yan takwas a gasar duniya ta 2021 a Lituweniya, inda Brazil ta sha da ƙyar da ci ɗaya mai ban haushi, ya sake kai su wannan matakin a 2024. Da FIFA ta fitar da jerin ƙasashen futsal karo na farko a 2024, Maroko ce ta shida a duniya. Da a hannunka Dguig yake, tun hutun rabin lokaci na wasan farko ka rubuta masa takardar sallama, da Turanci mai tsawo, ka kuma nemi a kawo Bature.

Karɓar baƙuncin ma ba su bar shi a banza ba. Gasar Afirka ta 2020 a Layun suka kai ta, cikin Yammacin Sahara da ake taƙaddama a kansa. Afirka ta Kudu ta ce ba za ta je ba, aka sa Morishiyos a gurbinta, ita ma ta buga wasa ɗaya ta janye. Ka ga ɗakin da ka raina har siyasar nahiya ta samu wurin zama a ciki.

Abin da ke ci mini rai, in na ajiye wasa gefe na minti ɗaya, shi ne ƙafar da wasan nan ke nema muna da ita a kowane lungu. Ka tsaya bayan la'asar a unguwa ka gani. Silifa biyu nan, dutse biyu can, an yi raga. Lungun bai fi taku shida ba, kwata a gefe, ga mai babur na hon. Yaro zai taka ƙwallo da tafin ƙafa don kada ta faɗa kwata, ya buga ta a bangon gidan maƙwabci ta dawo masa bayan ya wuce mutum, ya tsire ta tsakanin silifan nan da yatsa. Babu wanda ya koya masa, ƙuncin wuri ne malaminsa. Abin da ya rasa daɓe ne mai santsi, da rufi, da koci, da gasar ƙungiyoyi da za a riƙa bugawa mako-mako har ya girma a cikinta. Manyan ɗakunan wasanni kuwa muna da su a birane, sai dai in ka leƙa ranar Asabar, kujerun roba za ka tarar an jera, ko taron jam'iyya ko liyafar biki. Filayen ciyawar roba da ake haya da awa sun yawaita, gaskiya ne, amma wannan wani wasan ne daban, kuma da dare masu tumbi irinka ne ke cika su, a yi minti goma ana gudu, a yi awa guda ana musun wanda ya taɓa da hannu.

Duk da haka ban cire maka rai da zuwa gasar Afirka ba, don na samo maka gurbi. In ka lura, duk sanda ɗan wasa ya faɗi, zufarsa na jiƙa daɓen, sai alƙali ya ɗaga hannu, wani ya rugo da sandar goge ƙasa ya share wurin ya koma gefe. Aikin ba ya son dogon bayani, ba a ƙirga masa daƙiƙa huɗu, ga shi a bakin fili, kyamara na ɗaukarka, mutanen Zariya su gan ka a talabijin su yi guɗa. Kuma aiki ne da ya dace da bawa a gaban ubangidansa. Ni zan sa maka hannu a takardar. Sandar da tsumman dai ka taho da naka, in kuma ba ka da su, akwai a shagona, kuɗi hannu.