Baƙin Doka na Lokacin Sanyi

Da zarar an gama yankan riɗi an shiga girbin dawa, motocin da ke bin hanyar Gadarif zuwa Galabat sai su fara sauke wasu irin baƙi a Doka. Ba 'yan ƙwadagon Habasha masu zuwa gona nake nufi ba, su aiki ya kawo su. Ina maganar masu zuwa shan iska na kwana biyu ne.

Ga Sarkin Sanyi. Ya ji an ce hunturu ne, ya ɗora kwat a kan suwaita, ya naɗe wuya. Da asuba yana da gaskiya. Kafin azahar gumi ya kai masa cikin takalmi, amma ba zai tuɓe ba, kuɗi ya sa ya saya.

Sai maharbin zanen bango. Ya ga hotunan zanen da matasa suka cika bangayen Khartum da shi lokacin zaman dirshan na 2019, ya zo da waya cike da caji. Ya shiga unguwa ya tarar da shingen kara da zana. Ina za a shafa fenti? Dole ya haƙura da allon mai aski, da furannin da aka zana a bayan wata lori. Yana cikin ɗauka direba ya diro daga sama yana rantsuwa ya biya haraji tun jiya.

Malamin gine-gine ya fi kowa ban haushi. Zai tsaya gaban gutiya, ɗakin nan mai zagaye da jinka, ya riƙe ƙugu yana bayani: tsinin jinka ke zubar da ruwan damina, baƙar ƙasar nan tana kumbura da ruwa ta tsage da rani, shi ya sa gini mai nauyi ke dararewa. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda yake wa karatun shi ya kafa ɗakin da hannunsa, kuma tun ɗazu yake jira a matsa ya shiga da akuyarsa.

A kasuwa akwai ɗan tayi. Ya damƙi riɗi ya tauna, ya ɗaga ƙaro yana dubawa a rana, ya tambayi kuɗin buhu, ya girgiza kai: "A Dawanau ba haka muke saye ba." Ko mudu bai auna ba. Ƙarshenta a gindin mai shayi za ka same shi, yana neman ragi a kofin gahawar jabana.

Amma gwarzonsu shi ne alƙalin agashe, wato tsiren can. Ya ci tsinke na farko, ya juya ga abokinsa ya ce da Hausa ƙuli ya yi kaɗan, wannan ko yaron mai tsire a Kano ba zai yi ba. Ya ci na biyu, ya ƙara da cewa naman ma da alamar tambaya. Mai agashe bai ɗago ba, yana ta fifita wuta. Sai da aka zo biya ya ce, "Alhaji, biyar ka ci. A ƙaro yaji?"

Kakannin mai agashen a ƙasa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka, noma ya tsayar da su a nan. Idan ka zo Doka, kwat ka bar shi a jaka bayan hantsi, gulma kuma kada ka yi ta da Hausa, ana ji.